Lambobi Biyu a Jikin Kwalba: Tarihin Barasar Rake daga Barbados zuwa Kpangalam

A biranen Turai da Amurka akwai mutanen da suka mayar da ɗanɗanon barasar rake, wadda ake kira rum, wani fanni mai zaman kansa. Sukan jera kwalabe biyar ko shida a kan tebur, a tsiyaya kaɗan daga kowace a ƙaramin kofin gilashi mai tsukakken baki, a sansana, a kurɓa, a ɗiga ruwa, a sake kurɓa, sannan kowa ya rubuta abin da harshensa ya gaya masa. Kafin a kai ga haka, lambobi biyu suke fara dubawa a jikin kwalba. Ta farko ita ce ƙarfin barasar, ko kashi 57 ne cikin 100, ko 63, ko fiye. Ta biyu ita ce yawan shekarun da ta kwana cikin ganga.

Mai karatu zai iya cewa, to mu ina ruwanmu? Mafi yawanmu Musulmi ne, hukuncin giya a wurinmu sananne ne, kuma wannan rubutu ba talla ba ne. Abin da ya sa na ɗauko batun shi ne, waɗannan lambobi, musamman ta farko, ba don jin daɗin harshe aka ƙirƙiro su ba. An ƙirƙiro su ne a zamanin da barasa take kuɗi, ana sayen mutane da ita, ana kuma gudanar da mulkin mallaka da harajinta. Wanda ya bi sawunsu zai bi ta Aneho da Lome, ya hau titin arewa har unguwar Kpangalam a Sokode, ya zarce Dapaong. A kan hanyar kuma zai gamu da Hausawa fiye da sau ɗaya.

Abin da masu ɗanɗano suke gwadawa

Barasar da ake sayarwa a kantuna galibi an sirka ta da ruwa har ta sauko kashi 40 cikin 100. Wadda masu ɗanɗano suke nema ita ce wadda aka ɗura daga ganga kai tsaye, ko aka sirka kaɗan, mai kashi 55 zuwa 65. Dalilinsu shi ne ƙamshi yana tafiya da ƙarfi, ruwa kuma yana rage duka biyun. Shi ya sa suke ɗiga ruwan da hannunsu, ɗigo-ɗigo, don su ji yadda ƙamshin yake buɗewa.

Sukan kasa ta gida-gida. Ta Barbados ana yi mata kallon mai matsakaicin hali, kuma can ne kamfanin Mount Gay yake, wanda ke riƙe da takardar mallaka ta 1703. Ta Jamaika mai tsananin ƙamshi ce, kamar na ayaba da abarba da suka nuna suka wuce, domin ana barin ruwan ya daɗe yana tsima, ana kuma zuba masa ragowar tukunyar da ta gabata. Ta Gayana baƙa ce mai nauyi, kuma har yau ana dafa wani ɓangare nata a tukwanen katako da aka gada tun ƙarni na 18. Ta Martinik, tsibirin da ke hannun Faransa, da ɗanyen ruwan rake ake yin ta, tana da ƙamshin ɗanyar ciyawa, kuma tun 1996 doka ta tsare sunanta da ƙa'idar yin ta.

Shekaru kuma suna da nasu lissafi. Yawancin gangunan da ake tsufar da ita a ciki tsofaffi ne daga Amurka, masu cin kusan lita 200, domin dokar can ta hana masu wuskin burbon sake amfani da ganga don irin wuskin nan, sai su sayar da su da araha. Katakon ne ke ba barasar launi da ɗan zaƙi. Amma ganga tana numfashi. A ƙasa mai sanyi irin Sikotland, kusan kashi 2 cikin 100 ne ke bin iska a shekara. A zafin Karebiyan yakan kai kashi 6 zuwa 8. Idan aka yi lissafi, bayan shekara 12 fiye da rabin ganga ya tafi. Turawa suna kiran wannan asara rabon mala'iku, mu kuwa sai mu ce rabon iska. Tsadar tsohuwar barasa daga nan take. Daga nan ne kuma maguɗi yake shigowa, domin wasu kamfanoni suna gauraya sabuwa da tsohuwa su buga babbar lamba a jiki, wasu su ƙara sukari don ta yi laushi a baki. Masu ɗanɗano na gaske sukan tsoma ma'auni a ciki don su kama wanda ya ƙara sukari. Ko a tsakaninsu ke nan, gardamar a kan amanar lamba take.

Rake, tukunya da bayi

Asalin rake tsibirin Niyugini ne. Indiyawa ne suka gano yadda ake daskarar da ruwansa, daga can ya shiga Farisa, Larabawa suka yaɗa nomansa a Masar da Maroko da Andalus. Kalmarmu ta sukari ma ta hannun Larabawa ta iso mana. Haka fasahar tace ruwa ta hanyar tururi, masanan zamanin Abbasiyawa irin su Al-Kindi da Ar-Razi ne suka kyautata ta, suna fitar da ruwan wardi da turare da magani. Kalmar da Turawa suke kiran sinadarin da ke bugarwa da ita ta samo asali ne daga Larabcin al-kuhl, wato kwalli, wannan dai da iyayenmu mata suke sawa a ido.

Turawan Fotugal suka kai rake Madera da Sao Tome, suka gwada noma shi da bayi, suka ga riba. Kolombus ya tsallaka da shi Karebiyan a tafiyarsa ta biyu a 1493. Daga shekarun 1640 tsibirin Barbados ya fara komawa gonar rake, daga baya raken ya mamaye kusan gaba ɗayansa. Idan an dafa ruwan rake an kwashe sukari, akwai wani baƙin ruwa mai kauri da yake saura, ana ce masa molas. Da fari shara ce, ana ba dabbobi da bayi. Ruwa ba ya tsami banza: sai aka lura idan an sirka shi aka bar shi cikin zafi yakan tsima, idan kuma aka dafa tsimin aka tare tururin, sai a sami barasa mai ƙuna. Wani Bature mai suna Richard Ligon, wanda ya zauna a tsibirin daga 1647 zuwa 1650, ya bayar da labarinta a littafinsa, kuma sunan da ake kiranta da shi a lokacin yana nufin mai kashe shaiɗan.

A ƙasar Hausa ma ana matse rake a dafa ruwansa, musamman a yankin Maƙarfi da kewayen Zariya, amma a mazarƙwaila aikin yake tsayawa. Kara ɗaya ne, tukunya iri ɗaya, inda aka nufa ne ya bambanta.

Albarushi da ma'auni

Me ya sa aka damu da ƙarfinta? Amsar tana cikin jirgin ruwa. Wuri a jirgi kuɗi ne, kuma ɗauko ruwa daga wata nahiya zuwa wata wauta ce. Don haka ake loda barasa mai ƙarfi, in an isa a sirka ta, ganga ɗaya ta haifi ɗaya da rabi ko biyu. Ga shi kuma ba ta lalacewa a tafiya kamar giyar hatsi. Amma da zarar kowa ya san ana sirkawa, dole a sami hanyar gane wanda ya riga ya sirka.

Ana ba da labarin cewa a da akan jiƙa albarushi da barasar a kusanta masa wuta. In ya kama, ƙarfinta ya tabbata. In ya ƙi, ruwa ya yi yawa. Iyakar da Turawan Ingila suka tsayar a matsayin cikakken ƙarfi ta yi daidai da kashi 57 cikin 100 da ɗan ɗoriya, abin da ya haura nan kuma shi ne mai wuce ƙa'ida. Irinsa ne Wray & Nephew ta Jamaika mai kashi 63, da Bacardi 151 mai kashi 75 da rabi, wadda aka daina yi a 2016. A 1816 hukumar Ingila ta karɓi ma'aunin Sikes, wani ɗan ƙarfe mai shawagi da ake tsomawa a ruwa, don karɓar haraji. A 1824 masanin Faransa Gay-Lussac ya fito da lissafin kashi cikin ɗari da muke gani a kwalabe yau. Mai karɓar haraji ne ya fi kowa buƙatar wannan lamba.

Sojojin ruwan Ingila sun fara shan ta bayan sun ƙwace Jamaika a 1655. Da buguwa ta yi yawa, a 1740 kwamandansu Edward Vernon ya ba da umarnin a riƙa zuba ruwa kashi huɗu a kan barasa kashi ɗaya. Ba a daina raba musu ita kullum ba sai ranar 31 ga Yuli, 1970.

Lokacin da barasa take kuɗi

Molas ɗin Karebiyan ya fi ƙarfin tukwanen tsibiran, sai aka riƙa kai shi arewacin Amurka. A jajibirin 'yancin Amurka, garin Newport kaɗai, a Rhode Island, yana da gidajen dafa barasa sama da 20. Masu bincike sun ƙirga tafiye-tafiye sama da 900 da jiragen wannan ƙaramin yanki suka yi zuwa Afirka tsakanin 1709 da 1807, suka kwashe mutane fiye da 100,000. Babban abin da suke kawowa barasar rake ce, har a bakin teku ake kiransu mutanen rum. A tsakiyar ƙarni na 18 farashin namiji baligi ya haura galan 100. A wasiƙun da masu jirage suka rubuta wa kyaftin-kyaftin ɗinsu, akwai wadda aka umarci kyaftin ya sirka barasar iyakar iyawarsa, ya kuma tauye mudu. Dillalan bakin teku su ma ba yara ba ne, sai sun ɗanɗana kafin su sallama. Waɗannan su ne masu gwada rum na farko a nahiyarmu, abin da yake kan ma'auninsu kuwa ɗan Adam ne.

Dubi yadda da'irar take: bawa ya noma rake, raken ya zama barasa, barasar ta sayo wani bawan da zai gaji wanda aikin raken ya kashe. Cikin mutum kusan miliyan 12 da rabi da aka loda a jirage a tsawon cinikin, kusan miliyan 2 daga wannan gaɓa suka fita, wadda ta haɗa da Aneho a Togo ta yau, da Wida a Binin, har zuwa Legas. A nan Turawan Fotugal da mutanen Barazil ne suka fi yawa, suna kawo tabar Bahiya da barasar rakensu mai suna kashasa. Shahararren dillalin nan Francisco Félix de Souza, wanda ya mutu a 1849, ya yi zama a Aneho kafin ya kafu a Wida. A Agbodrafo, tsakanin Lome da Aneho, har yau akwai gidan da aka riƙa ɓoye bayi a ƙarƙashin daɓensa bayan an haramta cinikin.

A nan muka fara gamuwa da Hausawa. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 a ƙasar Hausa, da rushewar daular Oyo, sun tura fursunoni masu yawa kudu, daga ɓangarorin biyu na yaƙin. Da yawansu Bahiya aka kai su, gidan rake da kashasa. A 1807 hukuma ta bankaɗo wani shirin tawaye da Hausawa suka kitsa a birnin Salbado, aka sake yin wasu a 1809 da 1814. Babban tawayen Musulmi na Janairun 1835, cikin watan azumi, Yarabawa ne suka fi yawa a cikinsa, amma da Hausawa a ciki. Mutanen da addininsu ya hana su kurɓar barasa su ne aka sa noman abin da ake yin ta da shi.

Akwai mutum ɗaya da labarinsa ya iso mana daga bakinsa. Mahommah Gardo Baquaqua ɗan Jugu ne, a arewacin Binin, ba nisa da Sokode, kuma a kan hanyar fatake ɗaya suke. Mahaifiyarsa 'yar Katsina ce. A tarihin rayuwarsa da aka buga a Detroit a 1854, ya faɗi cewa da giya aka yaudare shi: aka gayyace shi sha, aka yi ta zuga shi, da ya farka sai ya tarar an sayar da shi. Wajen 1845 aka tsallaka da shi Barazil, baƙin ciki ya sake tura shi ga barasa, har ya nemi halaka kansa a ruwa. A 1847 ya tsere daga jirgin ubangidansa a New York.

Hanyar goro

Yayin da barasa take mulkin bakin teku, cikin ƙasa wani abu ne daban yake tafiya. Ayarin fatake yakan tashi daga Kano ko Sakkwato ko Jega da jakuna ɗaruruwa, ƙarƙashin madugu, da jagaba a gaba. Su tsallake Kwara, su bi ta Borgu zuwa Jugu, su ratsa ƙasar Kotokoli, wato mutanen Tem, su gangara Salaga a ƙasar Gwanja. Wata hanyar kuma ta Sansanin Mango take bi, garin da sunansa ma yake ɗauke da kalmar Hausa. Suna kai kanwa da tufafi da fatu, su dawo da goro. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari da wannan fatauci suka yi suna.

Sokode a kan wannan hanya ta girma. Masarautar Cawujo garuruwa bakwai ne suke karɓa-karɓar sarautarta, kuma Kpangalam, wadda yau unguwa ce a cikin birnin, ɗaya ce daga cikinsu. A gefe guda kuma ga Didaure, mazaunin baƙi 'yan kasuwa da malamai, inda Musulunci ya fara kafuwa kafin ya shiga fada a zamanin sarki Uro Jobo Bukari na Kparatao, a ƙarshen ƙarni na 19. Goro ya yi wa wannan duniya aikin da barasa ta yi wa bakin teku: da shi ake tarbar baƙo, a ɗaura aure, a raɗa suna, a kori barci a kan hanya. Shi ma yana da masu gwada shi, masu bambance fari da ja, da sabo da wanda ya kwana cikin ganye.

Gaskiya dai a faɗe ta, wannan hanya ba ta kuɓuta daga cinikin mutane ba. Salaga babbar kasuwar bayi ce, kuma mahayan dawakin Cawujo, waɗanda ake kira Semasi, sun riƙa kai hari kan maƙwabta suna sayar da waɗanda suka kama. Bindiga da albarushin da suke haurowa daga kudu, a jirage ɗaya suka iso da barasa.

Lome, Hamburg da layin da aka shata

Birnin Lome kansa harajin barasa na cikin abubuwan da suka haife shi. Bayan Ingila ta mamaye Keta a 1874, ta kuma matsa har Aflao a 1879, ta ɗora kuɗin fito mai nauyi a kan barasa da taba. 'Yan kasuwa suka matsa gabas kaɗan, suka sauke kayansu a wani bakin ruwa da ba ya hannun kowa. Wajen 1880 wurin ya zama kasuwa, Hausawa na cikin waɗanda suka fara kafa zango a can. Ranar 5 ga Yuli, 1884, Gustav Nachtigal ya ƙulla yarjejeniyar da ta sa gaɓar a hannun Jamus, a 1897 kuma Lome ta zama hedikwata.

Zuwa lokacin barasar rake ta gaskiya ta ja baya. Abin da ya maye gurbinta shi ne barasar dankali mai arha daga Hamburg, a sa mata launi da ƙamshi a kira ta rum ko jin. Jamusawa sun ƙware a wannan dabara har a gida: da harajin shigo da rum ya yi musu tsada, sai suka riƙa sayen 'yar kaɗan mai tsananin ƙamshi daga Jamaika, su tsoma ta cikin barasar dankali mai yawa. Wannan ƙamshi mai ƙarfi da masu ɗanɗano suke rububi a yau, guje wa kwastan na cikin abin da ya raya shi. A kudancin Najeriya kuwa akwatunan jin sun zama kuɗi sosai, suna yawo hannu zuwa hannu ba a buɗe su ba.

A Jamus an yi gardama mai zafi a tsakiyar shekarun 1880 tsakanin Franz Michael Zahn, shugaban mishan na Bremen, wanda yake ganin cinikin yana rusa mutane, da Adolph Woermann, babban mai jirage na Hamburg, wanda yake kare shi. Ranar 2 ga Yuli, 1890, ƙasashen Turai suka sa hannu a yarjejeniyar Brussels. Ta ce a yankunan da barasa mai ƙarfi ba ta riga ta yaɗu ba, saboda addini ko wani dalili, a hana shigar da ita. Inda ta riga ta shiga kuma, a ɗora mata haraji aƙalla faran 15 a kan kowace lita 100 mai ƙarfin kashi 50. Ga lambar nan ta sake fitowa, wannan karon a cikin dokar ƙasa da ƙasa. Aka ƙara harajin a 1899 da 1906. Sakamakon ya zama abin mamaki: duk ƙarin da aka yi da sunan rage sha, sai ya ƙara wa gwamnatocin mallaka dogaro da kuɗin barasa.

Haka aka raba ƙasashenmu gida biyu. A Najeriya, Lugga ya hana sayar wa 'yan ƙasa barasar Turawa a Arewa, alhali kuɗin fitonta babban ginshiƙi ne a baitulmalin Kudu, kuma da aka haɗe ƙasar a 1914 aljihun ya zama ɗaya. A Togo, Jamusawa sun kafa barikinsu a Sokode a ƙarshen shekarun 1890, a 1907 kuma gwamna Zech ya rufe yankunan Sokode da Mango ga 'yan kasuwar Turai da 'yan mishan. Layin dogo ya kai yankin Atakpame a 1911, Faransawa suka ja shi zuwa Blita a shekarun 1930, a nan ya tsaya, bai taɓa isa Sokode ba. Addini da doka da wahalar hanya suka haɗu suka tsare arewa na wani lokaci.

Daga cakpalo zuwa leda

Wannan ba ya nufin arewacin Togo bai san giya ba. A ƙasar Kabiye akwai cukutu, a Dapaong wurin Moba da Gurmawa akwai cakpalo, 'yan'uwan burkutu ke nan. Mata ne suke yin su da dawa: a jiƙa, ta tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a bar ta ta tsima. Ƙarfinsu kaɗan ne in an gwada da barasa, ana shan su a ƙwarya suna kan tsima, kuma bayan kwana biyu ko uku sun yi tsami sun lalace. Abin da ba ya ajiyuwa ba ya zama kuɗi, ba ya kuma yin tafiya mai nisa. Bambancin da ke tsakanin ƙwaryar cakpalo da gangar da ta shekara 12 ke nan.

Abin da ya rushe katangar daga cikin gida ya fito. A 1919 yarjejeniyar Saint-Germain ta haramta barasar nan mai arha a mafi yawan Afirka, wadda ta rage kuma ta yi tsada. Mutane suka koyi dafa tasu. A Dahomey da Togo ana danganta farkon abin ga wani tsohon soja mai suna Sodabi, wanda ya ga yadda ake yi a Faransa lokacin yaƙin duniya na farko, ya dawo ya gwada da bammi. Sunansa ya bi barasar har yau. Faransawa suka haramta ta a farkon shekarun 1930, ba su iya hana ta ba. A Gana sunanta akpeteshi, ba a halatta ta ba sai 1962. A Najeriya ogogoro. Ƙarfin sodabi yakan kai kashi 40 zuwa 50, wani lokaci ya wuce, wato tana gogayya da abin da masu ɗanɗano suke jerawa a tebur.

Yau titin ƙasa mai lamba 1 ya yi abin da jirgin ƙasa bai yi ba. Daga Lome zuwa Sokode kusan kilomita 340 ne, zuwa Dapaong sama da 600, manyan motoci suna bi dare da rana zuwa Burkina Faso. Sodabi tana haurowa cikin jarkoki, barasar kamfani kuma ta zo cikin 'yan ledoji da ƙananan robobi waɗanda kuɗin kashewar ɗan makaranta zai iya saye, ya sa a aljihu ba wanda ya gani. Togo ta haramta barasar leda a 2019, hukumar NAFDAC a Najeriya ta fara aiwatar da nata haramcin a 2024. Haɗarin da ya fi muni shi ne gauraye da sinadarin metanol, mai makantarwa da kisa. A 2015 mutane da dama suka mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan shan ogogoro mai ɗauke da shi.

Idan muka waiwaya, abu ɗaya ne bai canja ba a shekara ɗari uku da ɗoriya. Mai jirgi ya san ƙarfin abin da ya loda. Jami'in kwastan ya sani, har da ma'auninsa. Mai ɗanɗano a Landan ko Faris ya sani, yana ma da kuɗin da zai kurɓi kaɗan ya rufe kwalba. Wanda bai taɓa sani ba shi ne na ƙarshen layi, wanda aka miƙa wa kofi. Saurayin da yake tuƙa babur a Kpangalam ko a tashar Dapaong, wanda abokai suka ce masa ɗan wannan zai kore masa gajiya, bai san ko kashi nawa ne a ciki ba, bai san da me aka gauraya ba.

Malamai suna nasu wa'azin, likitoci suna nasu gargaɗin, hukuma tana da dokarta. Mu da muke riƙe da makirufo da alƙalami, namu shi ne mu ba yaranmu labarin yadda abin ya zo, da abin da aka biya da shi, da su wa aka biya. Wanda ya san cewa an taɓa auna kakansa da galan, zai yi tunani sau biyu kafin ya sayar da lafiyarsa a kan leda ɗaya. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.